Teburin Ɗakin Hoto

Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Umma da yayyena. Yaya gwiwar? Ina fatan ka daina wasa da maganin.

Sati uku ke nan da aka turo mu asibiti sanin makamar aiki, kuma akwai abin da na kasa faɗa maka a waya. 'Yarka da ta zo ta ɗaya a jarrabawa, ita ce ta baya a ɗakin hoto. Jiya sau uku na maimaita hoton ƙirjin mutum ɗaya. Shekaranjiya wata tsohuwa mai karayar ƙugu ta yi ihu a hannuna, don na juya ta yadda littafi ya ce, ban tsaya na tambaye ta inda ke mata ciwo ba. Shugabar sashe ta ce in ban gyara ba, ba za ta sa hannu a takardata ba, sai in maimaita shekara.

Akwai ɗan ajinmu da muke kira Da-ƙyar, saboda da ƙyar yake haye kowace jarrabawa. Baba, ka ga yadda marasa lafiya ke kwanta masa kamar ya yi musu asiri! Ni da ake kira Farfesa, nan zare ba kalar yadin ba ne.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida Umma, amma kada ka karanta mata wannan.

'Yarka,
Auta

Baba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonka ya iso. Na yi dariya da ka ce ko kai da ka shekara talatin kana koyarwa, ranar farko alli ne ya faɗi daga hannunka.

Na ajiye girman kai na je wurin Da-ƙyar. Ya ce matsalata ɗaya ce: ina gaida injin kafin in gaida mutum. Muka ƙulla yarjejeniya. Da safe ina bin sa ina kallo, da azahar ina koya masa lissafin haske a bencin bakin ƙofa. Yanzu nakan murza hannuna ya yi ɗumi kafin in taɓa kowa, in tambayi sana'arsa yayin da nake gyara masa kwanciya. Wannan satin hoto ɗaya kawai na maimaita. Shugabar ba ta yaba ba, amma ta daina tsayawa a bayana.

Ka gaida kowa da kowa.

'Yarka,
Auta

Baba,

Ina gaisuwa, ina fatan gida lafiya. Zauna ka sha labari.

Ranar Talata aka kawo wani dattijo za a sa shi cikin babbar na'urar nan mai maganaɗisu, wadda ba a shiga ɗakinta da ko allura. A takardarsa an rubuta babu ƙarfe a jikinsa. Ina cire masa takalmi muna hira, sai ya ce shi mai walda ne, har wani ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido tun yana saurayi, bai je asibiti ba. Na ajiye takalmin. Na karanta cewa na'urar tana iya jan irin wannan ɓurɓushin ta makantar da mutum.

Na ce a dakata. Layi ya yi tsawo, ana ta harara ta. Shugabar ta dube ni ta ce, "Kin tabbata, Farfesa?" Na ce ban tabbata ba, amma a duba. Aka ɗauki hoton idon a ɗakin hoton ƙashi. Ga ƙarfen nan, bai kai ƙwayar yashi biyu ba.

Shugabar ta sa hannu a takardata jiya. Da-ƙyar ya fi ni maki, kuma ya cancanta.

Yau dattijon ya dawo da 'yar matakalar da ya haɗa da hannunsa, wai ya ga teburin ɗaukar hoto ya yi wa tsofaffi tsawo. Ta ƙarfe ce zalla, Baba! Muka tare shi a ƙofar ɗakin maganaɗisu muna dariya, muka kai ta ɗakin hoton ƙashi. Kafin a tashi, mutum bakwai sun taka ta.

Allah ya bar mana ku.

'Yarka mai ƙaunarka,
Auta