Rular Malam

Daren Laraba, bayan isha'i

Tun ranar da mijina Malam ya buɗe littafin da nake liƙa ƙyallayen atamfa, daɗin abin ya gudu. Duk labarin da na karanta, sai in zaɓa wa jarumarsa zane in liƙa da ƙaro. Shi kuwa aikinsa a masaƙar Sharada neman aibin yadi ne, kuma har gida yake biyo shi.

Yau na tarar ya ɓamɓare ƙyallayen shafin da na fi so. "Hadiza, a wajenmu wannan karkataccen sai shara," in ji shi, yana miƙo mini rula. Har yanzu raina tafasa yake.

Na mayar da ƙyallayena a karkace. Ba zan ƙara nuna masa ba.