Gem ɗin da Abbansa ya bari yana da alamar 18

Assalamu alaikum admin, a ɓoye sunana. 'Yan uwa don Allah ku ba ni shawara, ba ni da wanda zan zauna da shi mu yi wannan maganar.

Ni malamar firamare ce a nan Daura, mijina ya rasu bara da azumi, ya bar ni da yaro ɗaya, Sadik, shekararsa goma sha ɗaya. Marigayin direba ne, yana jigila tsakanin Daura da Kongolam, in ya dawo da la'asar sai su baje a tabarma shi da yaron suna buga wani gem na harbe-harbe a wayarsa, ni ina tuƙin tuwo ina jin dariyarsu. Ban taɓa leƙawa ba. Da na fita takaba sai na bar wa Sadik wayar, don na ga ita kaɗai ke sa shi sakin fuska.

Satin da ya wuce wata abokiyar aikina ta zo gida, ta ga abin da yake bugawa, ta karɓi wayar ta nuna mini lamba 18 a wurin da ake sauke gem ɗin, wato ba a yi shi don yara ba. A ƙasa an yi gargaɗi cewa akwai zubar da jini da zagi, kuma mai bugawa yana iya hira da mutanen da bai sani ba. Na sa ya buga a gabana, na ga jini, na ji wani ƙato yana ɗura ashar ta sifika. Na karɓe wayar na kulle a durowa.

Bai yi kuka ba, bai yi musu ba. Sai da na ce zan goge ya ce, "Umma, in kin goge sunan Abba zai tafi." Ashe da sunan babansa yake shiga, kayan sojan da ke ciki ma babansa ne ya zaɓa. Ya ce abokan wasan har yanzu da sunan Abba suke kiransa, shi kuma bai gaya musu ya rasu ba.

Tun ranar yana gaishe ni, yana cin abinci, yana zuwa islamiyya, amma hira ta ɗauke. Mu biyu ne a gidan, sai mu wuni ba abin da ke haɗa mu sai sallama. Na sauke masa gem na ƙwallo mai alamar 3 a wayata, ya ce ya gode ya ajiye.

Kuskuren da na yi, na kira baffansa da ke Baure na gaya masa, sai ya ce dama haka tarbiyyar mace ita kaɗai take, in an yi hutu in kai masa yaron ya riƙe. Mahaifiyata ta ce in mayar masa da wayarsa, lambar ta 'ya'yan Turawa ce. Abokiyar aikina ta ce in goge kawai zai manta. Wani lokaci har haushin marigayin nake ji, shi bai ga lambar ba ne? Sai kuma in yi istigfari.

Jiya da na taso daga makaranta na buɗe gem ɗin ni kaɗai, na tarar da saƙo daga wani, "Maigida kwana biyu shiru, lafiya dai?" Na rufe wayar na mayar durowa.

In goge ne, in jure shirun ɗana? Ko in mayar masa alhali na ga abin da ke ciki da idona? Waɗanda suka san harkar, ana iya rufe hirar da jinin a bar sunan kawai? Kuma wa ya kamata ya gaya wa mutanen nan mai sunan ya rasu, ni ko shi? Saura sati uku a yi hutu, kuma baffansa ya sake kira yau da safe ban ɗauka ba.