Inna, Mai Suna Uku

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mahaifiyata, bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya da uwa, tare da fatan rahamar Allah tana lulluɓe da makwancinki. Na san babu motar da ke kai takarda inda kike. Amma labari mai daɗi ya taru mini, kuma tunda na tashi ban saba cin daɗi ban ɗanɗana miki ba. Masu karanta ki ma suna nan, bari su sha tare da mu.

Mutanen unguwarmu ta Magajin Gari, a nan Birnin Gwari, sun san ki da abu biyu: matar Malam Isa na firamare, kuma mai injin niƙa a ƙofar gida. Mata su jeru da kwanonin masara da dawa, suna hira da ƙarfi don su rinjayi ƙarar inji. Wa aka sace wa shanu, wa ya dawo daga haƙar zinare da sabon babur ba a san yadda aka yi ba, wa ya ci amanar abokin noma. Ke kuwa gari ya yi miki fari har gira, kamar ba kya ji. Kin taɓa ce mini, "Ladidi, ba a ɓoye wa mai niƙa komai, kowa zato yake kurma ce."

Da hantsi ya yi, layi ya ragu, sai ki wanke hannu ki zauna gindin mangwaro da biro. A nan aka haifi Saje Nomau, tsohon ɗan sandan da ya yi ritaya ya koma noma, amma gawa da ɓarayi suka ƙi barin sa ya huta.

Kawu Sule, ƙaninki direba, shi ya kai labarin farko Kano tare da buhunan masara. Ya dawo ya ce mai buga littafin ya yaba, sai dai ya ce ba mai sayen labarin kisa da 'yan sanda in ya ga sunan mace a bango. Na zaci za ki yi fushi. Dariya kika yi, kika ce, "To a ba shi namiji mana, ai ba tsada." Kika zaɓi Ɗan Kazage, saboda kakata 'yar garin Kazage ce.

Baba ya san wannan, kuma ya riƙe sirrin da ƙyar. In an zo maganar Ɗan Kazage a majalisarsu ta bakin masallaci, sai ya gyara hula ya ce shi dai ya ji an ce mutumin kirki ne, daga gidan mutunci.

Matsalar ita ce hannunki ya fi kasuwa sauri. Kafin a sayar da ɗaya kin gama biyu. Mai bugawa ya ce mutane za su ƙosa da suna ɗaya, sai kika ƙirƙiro Tanko Mai Tocila, mai gajerun labaran 'yan damfara da rikicin ramin zinare. Wannan karon ba ki gaya wa Baba ba. Kin ce kina so ki ji ra'ayin mutum ɗaya a duniya wanda ba zai yi miki kara ba.

Kin kuwa ji. Baba ya tsani Tanko saboda kishinki. Ya sayo littafin da kuɗinsa, ya karanta yana tsaki, ya shigo yana cewa, "Wannan yaron gaggawa ta yi masa yawa. Satar salonki yake yi, kuma bai iya ba." Ke kina tuƙa tuwo, ko murmushi babu, ki ce, "Malam, me ya ɓata kuma?" Ya zauna ya lissafo miki. A littafi na gaba duk an gyara. Sai ya ce, "Ya fara hankali, amma da saura." Ni kuwa ɗaki nake gudu in toshe baki da zane.

Ranar da asiri ya tonu, ke kika tona shi da gangan. Kika sa wani malamin makaranta a labarin Tanko, mai tsohon keke da yake kira Alhaji, yana lallashinsa a kan tudu kamar mutum. Duk garin nan keke ɗaya ne ake kira Alhaji, kuma a zaurenmu yake jingine. Baba ya shigo da littafin a hannu, ya tsaya yana kallon ki, ke kina kallon sa. Sai dariya ta ƙwace masa har ya dafa bango yana tari. Da ya samu numfashi ya ce, "Maman Ladidi, ni dai har yanzu Ɗan Kazage ya fi."

Ba zan tsallake shekarun da 'yan bindigar daji suka rufe mana hanya ba, don ke ma ba ki tsallake su ba. Kawu Sule ya ajiye mota. 'Yan uwa daga ƙauyuka suka cika mana tsakar gida da tabarmi da yara. Abin da kike ƙirƙira a takarda ya zama abin da ake faɗa a bakin inji da hawaye. Kika ajiye biro, kika ce, "Ba zan sayar wa mutane tsoro ba alhali da shi suke kwana." Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo, gindin mangwaro ba kowa.

Ranar da kika ce in kawo wayata, na zaci kira za ki yi. Sai kika ce in rubuta abin da za ki faɗa. Kika fito da suna na uku, Gwaggon Saminaka, karo na farko da kika yarda duniya ta san mace ce. Muna sakin labarin kashi-kashi, mata suna tura wa juna. Har yanzu akwai ɓarawo, akwai bincike, amma kin kafa doka ɗaya: duk wanda ya ɓata a shafin farko, sai ya ci tuwon gidansu a na ƙarshe. Da haka kika ci gaba har ciwon da ya ɗauke ki ya zo.

Yanzu ga labarin da ya sa na ɗauki biro. An sake buga littattafanki, Inna, sun haura arba'in da muka tattara. Baba ya ce ɓuya ta isa. A kowane bango akwai sunanki na yanka da manyan baƙaƙe, wanda kunya ba za ta bar ni in rubuta a nan ba. Makon jiya muka yi ɗan taro a harabar makarantar Baba. Tsofaffin majalisa suka zo, wani ya riƙe haɓa yana cewa shekara da shekaru matarsa tana kai miki niƙa, ashe shi ne mai shanun nan na littafi na biyar. Matan unguwa suka yi ta guɗa kamar ranar suna.

Ana shirin tashi sai ga wata dattijuwa Bagwariya daga Kazage, Mama Saratu, da doya a kafaɗa, ɗanta Yohanna yana biye. Magidanci ne, manomi. Ya ce an taɓa tare su a hanyar gona, ya yi watanni a daji tare da wasu. Ya ce abin da ya hana su haukacewa shi ne labarin Saje Nomau da ya fara karantawa kafin a kama shi. Kullum yana ba su kaɗan-kaɗan, Musulmi da Kirista, kowa na jiran na gobe. Amma bai kai ƙarshen littafin ba, sai ya ƙirƙira nasa. Ya ce tun da ya dawo yake so ya tambayi mai littafin ko ya yi daidai.

Na miƙa masa sabon bugu. Ya buɗe shafukan ƙarshe a tsaye, leɓɓansa suna motsi. Can sai ya ɗago yana dariya, ido cike da ƙwalla, ya ce, "Ashe mai gadin ne ya aikata. Ni direba na ɗora wa laifin, bawan Allah." Mama Saratu ta sauke doyar a gaban Baba, ta ce ba ta da abin da za ta ba wadda ta ciyar mata da ɗa a inda hannunta bai kai ba.

Mun dafa ta jiya, Inna. Ta yi gari sosai.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa abin da kika rubuta ya zame miki sadaka mai gudana. Allah Ya dawo da duk wanda ke daji gidansu lafiya, Ya zaunar da Birnin Gwari da kewayenta. Amin.

Taki har abada,
Ladidi