Rigar Mahaifina a Marinar Birni

Zuwa ga Sarkin Marina, uban masu baba da shuni a birnin Kano.

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta addini, Allah ya ja zamaninka. Daga baranka Ilu, ɗan limamin wani ƙauye a gindin duwatsun Dutse. Ina roƙo a karanta takardar nan a bakin ramukan rini, kowa ya ji.

Na farko, yabo. Cikin watan Sha'aban na biyo ayarin masu dabino, kwana huɗu a ƙasa, domin in ga birnin da kakanninmu suke ba mu labari. Na ɗaga kai ina kallon badala har hulata ta faɗi. Kasuwar Kurmi ta haɗiye ni tun hantsi, ba ta tofar da ni ba sai la'asar. Har jirgin ƙasan Nasara na gani, amma ina shaida cewa ƙyallinsa bai kama ƙafar bugun marinarku ba.

Na biyu, musiba. Mahaifina ya ba ni babbar rigarsa a rina, a buge. Ashe ƙa'idarku ita ce mai kaya ya ƙulla alamarsa a gefen riga kafin a tsoma ta. Mu a ƙauye marini ɗaya gare mu, ya san rigar kowa kamar fuskar mai ita. Babu wanda ya sanar da ni, ni kuwa bakina a sake yake, ina kallon ramuka.

Na uku, bayan kwana uku aka miƙo mini riga a ninke tana sheƙi. Saboda girman ninkin birni ban warware ta ba sai a gida. Mahaifina dogo ne, ta tsaya masa a gwiwa. Bai yi faɗa ba, ya ninke ta ya ajiye. Da ma dukana ya yi. Zaren tasa rigar da aka musanya, marigayiya mahaifiyata ce ta kaɗa shi, rani biyu tana yi.

Roƙona, ranka ya daɗe, a sa ido a masallatan birni. Duk gajeren dattijon da aka gani yana share ƙasa da riga, a duba hammatarsa ta hagu, akwai faci mai kusurwa uku. Tasa tana nan lafiya, sau ɗaya aka gwada ta. Madugun dabino zai komo Kano kafin Sallah, a ba shi tamu. Mahaifina ya ce in ba ta dawo ba, da tsohuwar taguwa zai ja sallar Idi.

Allah ya raya ramukanka, ya ƙara wa shuninka baƙi, ya jiƙan mahaifanka.

Wassalam.