Littafinka da Aka Jiƙa Aka Sha

Zuwa ga Kawuna, Farfesa Adamu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ni ne Modu, ɗan ƙanwarka Yagana, mai bandar kifi a Nguru. Ka san karatuna bai wuce firamare ba, sai ka yi haƙuri da rubutun.

Ranar Talata da safe na shiga gidan yayanka, Alhaji Bukar, zan kai masa kifi. Na tarar da shi a kan tabarma, ƙwaryar ruwa a gabansa, littafinka mai shuɗin bango a kan cinyarsa. Yana yago shafi yana tsomawa, yana murzawa da yatsu har tawadar ta saki. 'Ya'yansa uku masu shirin jarrabawa suna tsugune, ana miƙa musu ludayi ɗaya bayan ɗaya. Wai su sha basirarka. Babban, wanda ya faɗi jarrabawar sau biyu, har ƙari ya nema.

Kawu, na tsaya da kwalin kifina a hannu ina kallo. 

Da ayar Alƙur'ani ce aka rubuta a allo aka wanke, da ban ce komai ba, mu ma an ba mu mun sha. Amma wannan lissafinka ne. Shi ne littafin da kake rubutu a ciki a kan gadon jinya, da alƙalamin nan mai shan tawada da ba ka yarda kowa ya taɓa.

Na tuna shekarar da ka zo hutun Sallah muka je Yusufari. Na tambaye ka wane irin aiki kake yi a ƙasar Turawa. Ka ɗebi yashi a tafinka, ka ware ƙwaya ɗaya. Ka ce idan aka yi ta raba ta har a kai inda ba ta rabuwa, abin da ya rage shi kake bincike, kuma da shi aka gina ni da kai da rana. Na ce da wane ido kake ganinsa. Ka yi dariya ka ce, "Ba na ganinsa, Modu. Sawunsa nake bi, kamar yadda kake gane kifi daga motsin ruwa."

Ɗalibarka Dokta Falmata, mai koyarwa a Gashua, ita ta ƙara fahimtar da ni bayan rasuwarka. Ta ce akwai abin da ka lissafa da takarda kawai, sai bayan shekaru masu manyan injuna suka gwada suka samu haka yake. Ta ce a ƙasashen da ba ka taɓa takawa ba, masu wannan ilimi suna ambaton sunanka a rubutunsu, kamar yadda malamanmu ke faɗin wurin wanda suka ɗauki karatu. Ta ce aikinka na ƙarshe yana cikin shuɗin littafin nan, kuma babu shi a ko'ina.

Sau uku tana zuwa Nguru nemansa. Sau uku Alhaji yana ce mata gara ta cinye. Shi ne kuma ya tashi a taron addu'arka yana cewa ɗan'uwansa hasken Yobe ne. Mutumin da kana da rai yake kiran aikinka zanen aljanu, yana tambayar rijiya nawa ya haƙa wa garin.

 Ranar Talatar nan na ajiye kifin, na gai da Alhaji, na zauna. Na jira har aka kira shi waje ya tura littafin ƙarƙashin tabarma. Na ɗauka na sa a kwalin kifina. Idan sata ce, Kawu, na yi, kuma ban yi nadama ba.

Washegari na hau mota zuwa Gashua. Dokta ta buɗe a hankali, littafin yana warin hayaƙi. Ta daɗe tana juya abin da ya saura. Ta ce farkon yana nan, layin ƙarshe da ka ja wa layi biyu yana nan, amma hanyar da ka bi tsakaninsu ta tafi. Ta ce za ta sake binta, ko da zai ci mata shekaru, kuma ba ta da tabbacin za ta kai. Sai ta juya fuska ga bango, ni ma na kalli ƙasa.

Ka yafe mini da ban shiga gidan nan mako guda kafin haka ba. Kai ne kaɗai babban da ya taɓa amsa tambayata ba tare da ya ce in je in yi wasa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa abin da ka bari ya zama sadaka mai gudana. Allah Ya buɗe wa Falmata hanyar.

Har yanzu Alhaji yana gaya wa mutane gara ce. Shi ya sa na rubuta a inda kowa zai karanta. Ba ni kaɗai na gani ba. Mahaifiyata Yagana tana bakin madafa. Malam Isa mai garuwa yana tsaye da jarkokinsa, shi ya zuba ruwan cikin ƙwaryar. Sai kuma Allah.

Naka,
Modu