Masauki Don Wani Mutumin Gidanmu

Tungar Attahiru, ranar Asabar

Zuwa ga Malam Junaidu, gidan marigayi Malam Abdurrashidu, kusa da Hubbaren Shehu.

Assalamu alaikum. Allah shi gafarta Malam. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ce Hajjo ɗiyar Mode manomi, wanda ke kawo wa mahaifinka gero kowace kaka, shi kwana zaurenku in ya zo ziyarar Shehu. In ka manta da ni, ka tuna yarinyar da ta ɓarar maka da tawada a kan allo, mahaifinka na dariya, kai ko ka kumbura har la'asar. Yanzu duk mun yi furfura, ina fata fushin ya huce.

Ga abin da ke tafe da ni. Akwai wani mutum na gidanmu da ciwon ƙoda ya kama. Likita a babban asibiti ya ce sai an riƙa wanke mishi jini sau biyu a mako. Injinan kaɗan ne, masu ciwo da yawa, don haka ba a ba mutum tsayayyar rana: wanga mako Litinin da Alhamis, na gaba wataƙila Talata da Juma'a. Kafin a gama wankin yamma ta yi, kuma ka san hanyarmu, ba direban da ke bin ta bayan la'asar saboda mutanen daji. Dole mu kwana Sakkwato.

Na taka unguwar Minanata neman ɗaki har duga-dugaina sunka tsage. Kowane mai gida hayar shekara yake so. Na ce wa ɗayansu kwana biyu kawai muke so a mako, sauran biyar ɗin shi sa wanda ya ga dama, sai ya dube ni kamar na ce shi sayar mini da rabin akuya.

Na san gidanku akwai ɗakunan baƙi. A ara muna guda a ranakun da layi ya zo kanmu. Ni ke raka shi don matarsa na da goyo, ba don komai ba. Jikin nasa da sauƙi, ba abin tada hankali ba ne.

Wayarmu ba ta aiki tun da anka lalata ƙarfen sabis, sai ka ba Lawwali direba amsa. Allah shi ƙara girma.

Hajjo Mode

*

Sakkwato, ranar Talata

Zuwa ga Malama Hajjo.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, takardarki ta iso ni. Na tuna Baba Mode, Allah ya jiƙansa, na kuma tuna tawadar, kuma na yafe tun tuni. Allah ya ba mara lafiyarku shifa'i.

Sai dai akwai mas'ala. Ɗakunan nan uku mahaifina ya yi wasiyya a kansu cewa na masu ziyara ne, wanda ya riga isowa shi ke shiga, kuma ba a kulle ɗaya domin jiran wani, ko da ɗan gida ne. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da wannan amana ban karya ba. Ga shi watan Maulidi ya kama, baƙi daga Nijar da Adamawa har a tsakar gida suke shimfiɗa. In na ajiye muku ɗaki ranar da ba ku zo ba, tsoho mai ziyara ya kwana a waje, me zan ce wa mahaifina gobe kiyama?

Tun da kin ce jikin da sauƙi, ku yi haƙuri watan ya fita, sai mu duba. Kafin nan ki gwada gidan Hajiya Mariyatu a Ƙofar Dundaye, tana saukar da fatake na kwana ɗaya ko biyu. Ki ce ni na turo ki.

Wassalam.

Junaidu Abdurrashidu

*

Tungar Attahiru, ranar Lahadi

Allah shi gafarta Malam, ina gaisuwa.

Na je wurin Hajiya Mariyatu. Ta karɓe ni da fara'a da ta ji sunanka, har ta sa anka kawo fura. Da ta leƙa ta ga mutumin zaune cikin keke napep, ƙafafunsa sun kumbura ba su shiga takalmi, sai fara'ar ta koma ciki. Ta ce ɗakunanta na fatake ne, in wani ya cika a ciki, ba wanda zai sake kwana. Ban ga laifinta ba, amma furar ta ƙi wuce mini.

Mako biyu ke nan muna kwana barandar asibiti, bisa siminti, cikin sauro. Mutumin da anka cire wa jini anka mayar, ya fito yana rawar ɗari, a nan zai kwanta. Ranar Alhamis ba mu je ba, ya ce ba ya iyawa. Yanzu numfashinsa sama-sama yake, in ya kwanta sai an tada shi zaune.

Malam, ban ce ka karya wasiyyar mahaifinka ba. Amma ko rumfa ce, ko ɗakin ajiyar itace, ko inda kuke ɗaure tunkiya, ni zan share da hannuna. Ba za mu ci muku abinci ba, ba za ku ji motsinmu ba. Ban taɓa roƙon kowa haka ba tun da uwata ta haife ni, kuma ba ni da wata ƙofa bayan taka. Matarsa ce ke ta kuka tana hana ni sukuni, shi ya sa na matsa.

Allah shi ba ka ikon taimako.

Hajjo

*

Tungar Attahiru, ranar Lahadi da yamma

Zuwa ga Baba Malam.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa. Sunana Sakinatu, surukar Inna Hajjo. Ni ce ke rubuta mata wasiƙun nan, tana faɗa ina sawa a takarda. Wannan kuwa ba ta san na rubuta ba, zan cusa ta cikin tata.

Baba, mutumin da take ce maka na gidanmu, ɗanta ne na fari. Ni ma ban saba kama sunan maigidana ba, amma yau zan rubuta shi: Sirajo. Ka san al'adarmu. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama kusa da shi, ba ta nuna ta damu da shi gaban mutane. Da take faɗa mini in rubuta jikinsa da sauƙi, na ɗaga kai na dube ta, ta ce in rubuta abin da aka ce mini.

Ba ni kaɗai ke kuka ba, ita ce dai ba ta da inda za ta yi nata. Wata ma'aikaciyar jinya ta gaya wa Lawwali cewa Inna ta tare likita a ƙofa ta ce a cire tata ƙodar a sa wa mutumin can, likita ya ce shekarunta da hawan jininta ba za su bari ba. A baranda kuma kunya ba ta barin ta kwanta kusa da shi, sai ta koma can ƙarshe wajen kwata, inda take hango shi, ta zauna har gari ya waye.

Shi ya sa ya ƙi zuwa ranar Alhamis. Ba kasawa ya yi ba. Ya ce mini, "Ba ni ƙara kai uwata ta kwana bakin kwata sabili da ni. In babu ɗaki, a bar ni nan." Na yi roƙo, 'yan'uwansa sun yi, ya juya mana baya. Likita kuwa ya gargaɗe mu cewa tsallake wanki biyu a jere ba wasa ba ne.

Don girman Allah, Baba, ka ce akwai ɗaki. Da ya ji haka zai tashi.

'Yarka, Sakinatu

*

Sakkwato, ranar Litinin

Zuwa ga Malama Hajjo.

Assalamu alaikum. Na karanta takardu biyu, kada ki yi wa yarinyar faɗa. Ni ne abin zargi. Ni ma ɗan fari ne, mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba, amma na karanta maganarki irin karatun takardar ofis. Astagfirullah.

Ɗakin littattafan mahaifina ba ya cikin wasiyya. Yau na kwashe su zuwa turakata, an share, an sa katifa biyu da labule a tsakani domin ki sake. Ɗakin naku ne kowace rana layi ya zo kanku, ba sai kun aiko ba. Ki gaya wa Sirajo ni na ce ya taso. Lawwali ya ce motarsa na wurin bakanike, amma ya yi alkawarin kawo wannan da zarar ta tashi.

Wassalam.

Junaidu

*

Tungar Attahiru, ranar Juma'a

Allah shi gafarta Malam.

Wagga takarda da hannuna na rubuta, da ɗan ajamin makarantar allo, ka yi haƙuri da karkacewar layi. Sakinatu ta shiga takaba.

Takardarka ta iso jiya da hantsi. An yi jana'iza Laraba bayan azahar. Ba laifinka ba ne, ba na Lawwali ba.

Gida cike yake da masu gaisuwa. Matarsa suke yi wa, da ƙannensa. Ni ina madafa ina tuƙa musu tuwo, mata na yaba mini da dauriya.

Malam, kada ka mayar da littattafan tukuna. In anka yi sadakar bakwai zan shigo motar Lawwali. Ka ara mini ɗakin kwana ɗaya tak, ka ce wa iyalinka in sun ji wani abu kada su shigo. Ina son wurin da zan rufe ƙofa in yi kukan ɗana.

Allah shi saka maka da alheri.

Hajjo