Agogon Ofishin Sintiri Yana Gaba da Minti Goma Sha Biyar

Daga: Mai gyaran agogo,
Shago na uku, layin bayan tashar mota.

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Kwamitin Tsaro da Tarbiyyar Matasa,
Ofishin Hukumar Gari.

Litinin, 12 ga Mayu.

Ranka ya daɗe,

Game da: Kama 'yata bisa zargin karya dokar hana matasa fita da dare, alhali lokacin dokar bai yi ba

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni dama in gabatar da kukana. Shekarata talatin da ɗaya ina gyaran agogo, ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba sai yau. Saboda haka in an ga tuntuɓen alƙalami, a yi mini uzuri.

1. Ni ba maƙiyin wannan doka ba ne. Lokacin da yara suka addabi layinmu da fasa fitilun titi da tare mata a bakin kwalbati, ni na ɗauki takardar neman dokar na bi shaguna ana sa hannu, kuma sunana ne na biyu a jiki. Dokar ta fara aiki ranar Asabar, 1 ga Maris: duk wanda bai kai shekara sha takwas ba, kada a gan shi a waje daga ƙarfe tara na dare. Mun ga amfaninta, kuma mun gode.

2. Ranar Talata, 6 ga Mayu, 'yar autata, mai shekara sha shida, ta taso daga darasin yamma da take zuwa don shirin jarrabawar kammala sakandare. Ana tashinsu takwas da rabi, tafiyar kuwa minti ashirin da biyar ce, na auna da ƙafata har sau biyu kafin in yarda ta fara zuwa. 'Yan sintiri suka tare ta a gaban shagon mai walda, gida biyar kafin namu, suka haska mata tocila a fuska. Agogon hannunta yana nuna tara saura minti takwas. Ta nuna musu, ɗayansu ya ce ai an riga an busa usur na ƙarfe tara, ta ajiye agogon wasan yara ta wuce gaba. Suka tasa ta zuwa ofis da jakar littattafanta, mutanen layi suna kallo. A rajista an rubuta cewa an kama ta ƙarfe tara da minti bakwai.

3. Ranka ya daɗe, nan ne maganar take da nauyi a bakina. Agogon bangon ofishin sintiri, wanda da shi ake busa usur kuma da shi ake cika rajista, yana gaba da minti goma sha biyar. Ba ji na yi ba, da hannuna na sa shi gaba. Ranar Asabar, 15 ga Fabrairu, mako biyu kafin dokar, shugaban 'yan sintiri, wanda kowa ke kira Dogo, ya kawo mini shi in canza batir. Da na zo saitawa ya ce in ƙara masa kwata, wai yaransa ba sa zuwa aiki a kan lokaci, gara agogon ya riƙa tsorata su. Na yi dariya na ƙara, domin a lokacin ba wanda za a hukunta da shi sai masu makara. Da dokar ta zo, ba wanda ya tuna ya mayar da shi, har da ni da nake taƙama da lokaci. Uwar 'ya'yana takan ce ko gobara aka yi a gida, agogo zan fara dubawa kafin in ɗauki bokiti. To ga shi ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

4. A sana'armu duk agogon da aka gyara ana rubuta rana a bayansa. In aka sauke na ofishin aka juya shi, za a ga rubutuna da fensir: kwanan wata, da alamar ƙari, da lamba sha biyar. Gani ya kori ji.

5. Washegarin kama ta, Laraba, na je na sami Dogo na tuna masa. Bai musa ba. Ya ja ni gefe ya ce, "Baba, in na gyara nata, duk waɗanda aka rubuta tun watan Maris iyayensu za su zo mini. Ka yi haƙuri kawai." Ina ganin girman wahalar da suke sha a titi, amma ban ga yadda za a yi yarinya ta ɗauki laifin agogo don a rufa wa manya asiri ba. Kuma maganar tasa ta hana ni sukuni, domin ban san yara nawa ne aka kama cikin wannan kwata da ni na ƙara ba. Iyayensu sun dake su a gida, wataƙila yaran suna rantsuwa ba a yarda ba.

6. Bisa tsarin kwamitinku, an aika sunanta makaranta, an kuma liƙa shi a allon bakin titi ƙarƙashin kalmar kangararru, tsakanin wanda ya fasa gilashin mota da wanda aka kama da wuƙa. Makaranta ta dakatar da ita mako biyu daga Alhamis, 8 ga Mayu. Jarrabawarta za ta fara Litinin, 19 ga Mayu, tana cikin dakatarwa. Shugabar makarantar ta karɓe ni da mutunci, ta ce hannunta a ɗaure yake sai takarda ta zo daga ofishinku. In ba ta zauna takardun farko ba, shekara guda ta tafi. Yarinyar nan ita ce ta farko a gidanmu da ta kai wannan aji.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon mai girma Shugaba ya aiko wakili a sauke agogon a gaban shaidu, a gwada shi da na rediyo ko na kowace waya. A soke sunan 'yata daga rajista da allo, a rubuta wa makaranta kafin Juma'a, 16 ga Mayu. A kuma duba sauran sunayen da aka rubuta tsakanin tara da tara da kwata. Ba na neman a kori kowa daga aiki. In akwai hukunci a kan wanda ya taɓa agogon, ga ni, shagona a buɗe yake daga bakwai na safe.

Abu na ƙarshe ba ya cikin ƙa'idar irin wannan takarda, amma zan faɗa. Agogon da ke hannunta ni na haɗa mata shi ranar da ta shiga sakandare, na ce mata duk wanda ya kiyaye lokaci ba zai ji kunya ba. Ranar da aka dawo da ita daga makaranta ba ta yi kuka a gabana ba. Ta kwance shi ta ajiye a kan teburin aikina, ta ce, "Baba, riƙe abinka, ba da shi suke aiki ba." Yau kwana huɗu yana nan kusa da hannuna, yana tafiya daidai, ko daƙiƙa bai ɓata ba. Na kasa mayar mata, domin ban san abin da zan ce ba. Ina roƙon ofishinku ya ba ni abin da zan faɗa mata.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da basirar riƙon amana. A huta lafiya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Mai gyaran agogo,
mahaifin yarinya ta goma sha ɗaya a allon bakin titi.